Satumbar da ta Cinye Boston Red Sox: Nazarin Rugujewar 2011

A daren 3 ga Satumban 2011, bayan ta doke Texas Rangers da ci 12 da 7, ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox tana da nasara 84 da rashin nasara 54. Tampa Bay Rays, wadda ke bin sawunta wajen neman gurbi na ƙarshe a wasannin fitar da gwani, tana da 75 da 63. Tazarar wasa 9 ke nan, kuma wasa 24 kacal ya rage wa kowacce. Masu lissafin yiwuwar abubuwa sun ba Boston kashi 99.6 cikin 100 na samun gurbin. A duk tarihin babbar gasar besbol ta Amurka, babu ƙungiyar da ta taɓa riƙe irin wannan tazara a cikin Satumba sannan gurbi ya kuɓuce mata. Kwana 25 bayan haka 'yan wasan Boston suka tattara kayansu suka tafi hutu, Tampa Bay ta wuce.

Labarin da ya fi yawo game da wannan faɗuwa shi ne na soyayyar kaza da giya a ɗakin sauya kaya. Za mu zo kansa. Amma ni a ganina ƙungiyar ta riga ta karye tun cikin Yuni, Satumba kawai ya fallasa ta.

Yadda wasan yake, a taƙaice

Besbol wasan jifa ne da bugu. Mutum ɗaya na tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jefa ƙwallo, ɗan ɗaya ƙungiyar na riƙe da gora yana neman ya maka ta. In ya buga sai ya ruga zango na farko. Zanguna huɗu ne a jere, wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. In bugun ya tsallake katangar fili, to shi da duk abokansa da ke tsaye a zanguna sun shigo gida a tashi ɗaya. Masu tsaron fili kuwa aikinsu su fitar da mutum uku (misali, mai bugun da ya kuskure jifa uku ya fita), sannan a yi musanya, su karɓi gora. Idan kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya, zagaye ɗaya ke nan. Wasa zagaye 9 ne, babu agogo, babu canjaras: in an yi kunnen doki sai a ci gaba har a sami gwani.

Kakar wasa tana da wasa 162, daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. A 2011 ƙungiyoyi 30 ne, an raba su gida biyu, American League da National League, kowane gida da rukuni uku. Zakaran kowane rukuni yana wucewa, sai kuma gurbi ɗaya tak na ƙari ga wadda ta fi yawan nasara cikin sauran. Boston, Tampa Bay, New York Yankees, Toronto Blue Jays da Baltimore Orioles duk rukuni ɗaya suke, na gabashin American League, wanda a lokacin babu mai zafinsa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne sha'anin masu jifa. Wanda ya buɗe wasa yakan jefa ƙwallo kusan 100 da iyakar ƙarfinsa, daga nan hannunsa sai ya huta kwana 4. Saboda haka dole kowace ƙungiya ta mallaki masu buɗe wasa 5 da ke karɓa-karɓa. Ka ɗauka a ƙwallon ƙafa aka ce gola ba zai tsare raga ba sai sau ɗaya a wasa 5: komai gwanintar golanka na ɗaya, na huɗu da na biyar ne za su tsaya maka a kusan rabin wasannin da ba shi. In mai buɗewa ya gaji ko aka fara cin sa, sai a kira masu karɓarsa, na ƙarshensu shi ne mai rufe wasa a zagaye na 9. Ana auna mai jifa da matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin zagaye 9. A waccan shekara wajen 4 shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da 3 gwani ne, sama da 6 kuwa mutum ya zama kaya.

Ƙungiyar da aka gina

A Disamban 2010 shugaban sashen 'yan wasa na Boston, Theo Epstein, ya yi cinikin da ya girgiza gasar. Ya karɓo Adrián González daga San Diego Padres, daga baya aka ba shi kwantiragin shekara 7 a kan dala miliyan 154. Ya kuma ɗauko Carl Crawford a kan dala miliyan 142, shi ma shekara 7. Daga ina Crawford ya fito? Daga Tampa Bay, wadda ba ta da kuɗin riƙe shi. Albashin 'yan wasan Boston a farkon kakar ya haura dala miliyan 160, na Tampa Bay bai wuce miliyan 41 da 'yan kai ba. Masu bin Firimiya sun san mai ƙungiyar Boston: John Henry ne, wanda kamfaninsa ya sayi Liverpool a Oktoban 2010, watanni biyu kafin wannan ciniki. Jaridar Boston Herald ta yi wa ƙungiyar kirari a shafin farko cewa ba a taɓa yin kamarta ba, tun ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba.

Sun fara da tuntuɓe. An ci su wasa 6 na farko a jere, a wasa 12 biyu kawai suka ci. Daga nan suka miƙe, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta suka ci 81 aka ci su 42. Ranar 1 ga Satumba suna kan gaba a rukunin da 83 da 52, har Yankees na bayansu. A wajen bugu babu kamarsu: maki 875 suka ci a kakar, fiye da kowace ƙungiya cikin 30. Jacoby Ellsbury ya tsallake katanga sau 32, ya zo na biyu a zaɓen gwarzon shekara. González ya buga abin da aka saye shi dominsa. Dustin Pedroia da David Ortiz ma haka. Crawford ne kaɗai ya yi shekarar da bai taɓa yin mai muni kamarta ba.

A ƙarƙashin wannan ruwan maki, sahun masu jifa yana zagwanyewa. Daisuke Matsuzaka, wanda aka kashe sama da dala miliyan 100 wajen ɗauko shi daga Japan, an yi masa tiyatar jijiyar gwiwar hannu a Yuni, irin tiyatar da sai mutum ya shekara bai taɓa ƙwallo ba. Clay Buchholz, matashin da ya yi fice a 2010, ya yi jifansa na ƙarshe a ranar 16 ga Yuni, daga baya aka gano tsagewar ƙashi a gadon bayansa. John Lackey, mai kwantiragin dala miliyan 82.5, bai daina fitowa ba, amma da lalatacciyar gwiwar hannu yake jifa. Ya gama kakar da matsakaicin 6.41, kuma da aka tashi sai ga shi a ɗakin tiyata, bai buga 2012 gaba ɗaya ba. Cikin mutum 5 da aka fara kaka da su, Josh Beckett da Jon Lester ne kawai suka rage da lafiyar hannu.

Wa zai cike gurbin? Tim Wakefield, ɗan shekara 45. Andrew Miller, wanda a lokacin bai iya saita jifansa ba. Kyle Weiland, sabon shiga da aka ɗauko daga ƙaramar gasa. Matasan da ya kamata a ce suna jiran irin wannan rana an riga an sayar da su: Justin Masterson ya tafi Cleveland tun 2009, kuma a 2011 ɗin nan ya jefa zagaye sama da 200 da matsakaicin 3.21, Casey Kelly, mafi darajar matasan masu jifansu, yana cikin waɗanda aka ba San Diego a cinikin González. Epstein ya san da matsalar. Kafin a rufe kasuwar musaya ranar 31 ga Yuli ya nemi Hiroki Kuroda na Los Angeles Dodgers, mutumin ya ƙi barin garinsa. Ya daidaita da Oakland a kan Rich Harden, likitoci suka duba takardunsa ciniki ya watse. A ƙarshe ya tashi da Erik Bedard na Seattle, gwani in yana da lafiya, sai dai ba kasafai yake da ita ba.

Tampa Bay kuwa akasin haka take. Ta rasa Crawford da Carlos Peña da Rafael Soriano, ta sayar da Matt Garza, ita ma an ci ta wasa 6 na farko. Amma duk wasanni 162 na shekarar, 'ya'yan gida ne suka buɗe su, waɗanda ƙungiyar ta ɗauka tun suna yara ta rena, babu ko ɗaya da ya kai shekara 30. James Shields ya jefa wasa 11 daga farko har ƙarshe ba tare da an karɓe shi ba. Ga David Price, ga Jeremy Hellickson da ya zama gwarzon sababbin shiga, ga Wade Davis da Jeff Niemann, a Satumba kuma aka ƙaro Matt Moore. Kocinsu Joe Maddon kullum ya wayi gari ya san wa zai miƙa wa ƙwallo.

Satumba

Ranar 5 ga wata a Toronto, Beckett ya gurɗe a idon sawu, ya bar fili. Bedard ma ya kwanta da ciwon gwiwa, ya yi sama da mako biyu bai fito ba. Kevin Youkilis, ɗaya daga cikin manyan masu bugu, yana ta fama da ciwon baya da na ƙugu har ya haƙura a tsakiyar wata. Washegarin raunin Beckett sun lallasa Toronto da ci 14 da nema, amma duk da haka koci Terry Francona ya tara 'yan wasan ya yi musu magana, domin akwai abin da ya gani bai gamshe shi ba. Koci ya kira taro bayan cin 14 da nema, ai ka san da walakin.

Daga nan abin ya zama kamar an yi musu baki. Masu buɗe wasansu sun gama watan da matsakaicin 7.08. Ma'anar wannan a aikace ita ce kusan kullum kafin zagaye na 5 an riga an zuba musu maki, an cire mai buɗewa, an kira masu karɓa tun da wuri. Yau haka, gobe haka, har su ma masu karɓar hannunsu ya mutu. Daniel Bard misali ne mai ban tausayi. Tsakanin ƙarshen Mayu da ƙarshen Yuli ya fito sau 25 a jere ba a ci maki ko ɗaya a hannunsa ba, tarihin da babu wanda ya taɓa kafawa a ƙungiyar. A Satumba wasa 4 aka rubuta masa a matsayin wanda ya jawo rashin nasara, matsakaicinsa ya haura 10. Alfredo Aceves, wanda shi kaɗai ya tsaya da ƙafarsa, sai da aka fito da shi kwana huɗu a jere a ƙarshen kaka.

Dubi wasanni 7 da suka ci a watan. Da 12 da 7, da 14 da nema, da 18 da 6, da 4 da 3, da 18 da 9, da 7 da 4, da 8 da 7. In ka cire guda ɗaya, babu wanda suka ci ba tare da sun zuba maki 7 ko fiye ba. Wasan 18 da 6 shi ne wanda Wakefield ya cika nasararsa ta 200, bayan ya nema sau bakwai bai samu ba. A na 18 da 9 kuwa, duk da makin da abokansa suka tara masa, Lackey bai iya kammala zagaye 5 ba. Jimilla sun ci maki 146 a watan, an ci su 172. Masu bugu ba su yi barci ba, fiye da maki 5 a kowane wasa ba abin rainawa ba ne, sai dai 62 daga ciki a wasa huɗu kawai aka zuba su. Tun daga ranar 27 ga Agusta ba su sake cin wasa biyu a jere ba.

Abin da ya fi yi musu illa shi ne karon-batta da Tampa Bay kanta, domin a nan kowace faɗuwa ninki biyu ce. Daga 9 zuwa 11 ga wata a gidan Tampa Bay da ke Florida an ci su uku cikin uku. Daga 15 zuwa 18 a gidansu, filin Fenway Park, an ci su uku cikin huɗu. Shida cikin bakwai. Da a ce ɗaya tak daga cikin shidan nan ta juya, Boston ce za ta gama da 91, Tampa Bay da 90, da babu wannan rubutu.

Duk da haka jadawali ya yi musu gata. Bakwai daga cikin wasanni 10 na ƙarshe da Baltimore ne, ƙungiyar da ke can ƙasan rukuni, wadda ta gama shekarar da nasara 69 kacal. Tampa Bay kuwa Yankees za ta yi ta karawa da su. Sai ga wani mai suna Robert Andino, ɗan wasan da ko a Baltimore ba shi ne ake sayen riga da sunansa ba. Ranar 20 ga wata ya buga wa mai rufe wasan Boston, Jonathan Papelbon, ƙwallon da ya shigo da mutum uku gida, aka tashi 7 da 5. Ranar 26 ya buga wa Beckett wani da bai tsallake katanga ba, amma Ellsbury ya yi karo da bango ƙwallon ya suɓuce, Andino ya zagaye zanguna huɗu da gudu. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana. Biyu kawai Boston ta ci cikin bakwai ɗin.

Daren 28 ga Satumba

Aka shiga ranar ƙarshe kowacce na da 90 da 71. Boston tana Baltimore, Tampa Bay tana gida da Yankees. In duka suka ci ko duka suka faɗi, za a yi wasan raba gardama washegari a filin Tampa Bay.

Francona ya fito da Lester bayan hutun kwana 3 maimakon 4, don ba shi da wani. Lester ya yi abin da ake nema, zagaye 6, maki 2. Pedroia ya tsallake katanga a zagaye na 5, Boston na gaba da 3 da 2. A can Florida kuwa Yankees sun yi wa Price kaca-kaca, Mark Teixeira ya tsallake katanga zanguna cike da mutane, kafin a jima an kai 7 da nema. A zagaye na 7 ruwan sama ya sauko a Baltimore aka tsayar da wasa na sa'a 1 da minti 26. 'Yan Boston suka shiga ɗaki suka zauna gaban talabijin, suna ganin ko da an ci su ma akwai gobe.

A gaban idonsu abin ya juye. Yankees sun riga sun lashe rukuni, ba su da abin nema, don haka suka ajiye manyan masu rufe wasansu irin su Mariano Rivera da David Robertson, suka yi ta fito da na baya-baya, har mutum 11 suka yi jifa a daren. A zagaye na 8 Tampa Bay ta ci maki 6, uku daga ciki a bugu ɗaya na Evan Longoria. A zagaye na 9, an fitar da mutum biyu, babu kowa a zango, Maddon ya tura Dan Johnson, mutumin da rabonsa da buga ƙwallo ya kai zango a babbar gasa tun watan Afrilu. Saura jifa ɗaya a tashi wasa, sai ya ɗaga ƙwallon ta kusurwar dama ya tsallake da kyar. Bakwai da bakwai.

Da ruwa ya ɗauke Boston ta sami damar ƙara tazara har sau biyu ta yi wasa da ita. A zagaye na 8 aka fitar da Marco Scutaro a bakin gida bayan ya ɗan yi turus a hanya. A na 9 suka cika zanguna, Ryan Lavarnway, matashin da ya cece su da bugu biyu a daren 27 ga wata, ya buga ƙwallon da aka fitar da mutum biyu da shi. Amma dai suna gaba da maki ɗaya, kuma a duk kakar sau 77 suka shiga zagaye na 9 suna kan gaba, ba a taɓa ƙwace musu ba.

Papelbon ya fitar da Adam Jones, ya fitar da Mark Reynolds. Saura mutum ɗaya. Chris Davis ya buga ya kai zango na biyu. Nolan Reimold ya zo, shi ma aka kai shi saura jifa ɗaya, ya buga ta ratsa tsakanin masu tsaro, uku da uku. Sai Andino. Ya buga ƙwallo ƙasa-ƙasa zuwa ɓangaren hagu, inda Crawford ke tsaro. Crawford ya taho ya zame, ƙwallon ya taɓa safar hannunsa ya faɗi. Huɗu da uku, ƙarfe 12 da minti 2 na dare. Minti uku bayan haka, a zagaye na 12, Longoria ya buga wa Scott Proctor ƙwallon da ya bi layin hagu ya tsallake gajeriyar katangar kusurwa. Takwas da bakwai. 'Yan Boston ba su gama shiga ɗaki ba labari ya iske su.

Masanin ƙididdiga Nate Silver ya haɗa yiwuwar kowane mataki, daga tazarar 3 ga Satumba zuwa jifa ɗaya da ya rage wa Johnson da Reimold, ya fitar da ɗaya cikin miliyan 278. Lissafi ne na nishaɗi, shi ma bai ce a ɗauke shi a matsayin hukunci ba. A daren nan dai Atlanta Braves ma ta ƙarasa tata faɗuwar a National League, St. Louis Cardinals ta ƙwace gurbin, har ta je ta lashe kofin duniya na besbol, wato kofin zakaran babbar gasar, a Oktoba. Ita Tampa Bay ba ta yi nisa ba, Texas ta fitar da ita a matakin farko da wasa 3 da 1.

Kaza, giya da neman wanda za a ɗora wa

Kwana biyu bayan wasan ƙarshe na Baltimore Francona ya bar aiki. Wannan shi ne kocin da ya kawo wa Boston kofi a 2004 bayan shekara 86 ana jira, ya ƙara a 2007. Da bakinsa ya ce ya kasa isar da saƙo ga wasu 'yan wasan kamar yadda ya saba. Ranar 12 ga Oktoba jaridar Boston Globe ta fito da dogon rahoton Bob Hohler, wanda ya dogara da majiyoyin da ba a bayyana ba. Rahoton ya ce Beckett da Lester da Lackey sun saba, a ranakun da ba su ne ke jifa ba, su zauna a ɗakin sauya kaya suna cin soyayyar kaza, suna shan giya, suna wasan bidiyo, alhali abokansu na fili. Ya ce sun yi sakaci da motsa jiki. Ya ce 'yan wasa sun fusata da aka haɗa musu wasa biyu a rana ɗaya ranar 27 ga Agusta saboda guguwar Irene, har masu ƙungiya suka lallashe su da kyautar abin sauraron kiɗa na dala 300 da liyafa a jirgin ruwan Henry. Har sirrin gidan Francona da maganin ciwon da yake sha aka fallasa, abin da ya musanta cewa ya taɓa aikinsa. Wannan ɓangare ni ban ga komai a cikinsa ba sai rashin mutunci ga mutumin da ya riga ya tafi.

Lester ya amsa cewa sukan ɗan sha, kuma ba daidai ba ne, amma ya ce ba shi ya kayar da su ba. Henry ya shiga gidan rediyo ya ce shi tun farko bai goyi bayan sayen Crawford ba, alhali saura shekara 6 a kwantiragin mutumin. 'Yan jarida suka ce hankalin masu ƙungiya ya koma Liverpool. Kowa dai ya sami wanda zai nuna.

Ba na cewa rahoton ƙarya ne. Beckett da Lester su ne aka dogara da su, kuma sun gaza a lokacin da aka fi buƙatarsu: Baltimore ta ci maki 6 a hannun Beckett a kowane ɗaya daga cikin wasanninsa biyu na ƙarshe. In akwai sakaci da motsa jiki, to a Satumba yake nunawa, bayan wata biyar ana jifa. Ƙungiyar ma ta sallami mai kula da ƙarfin jikin 'yan wasa. Kuma John Farrell, kocin masu jifa da suke shakka, ya tafi Toronto tun kafin kakar. Amma tambayar ita ce, a Yuli da Agusta da suke cin kowa, ba a soya kaza ba ne? Ɗabi'ar da aka bayyana ba a Satumba ta fara ba. Abin da ya canza a Satumba shi ne mutum biyu da ke riƙe da sahun sun yi sanyi a lokaci guda, kuma babu na uku. Kaza ba ta tsaga ƙashin bayan Buchholz ba, giya ba ta tsinka jijiyar Matsuzaka ba. Jama'a sun fi son labarin da ke da mai laifi, domin "attajiran 'yan wasa sun sangarce" ya fi daɗin faɗa a kan "ba mu da mai jifa na shida da na bakwai".

Haka nan ba na yarda da masu cewa tsautsayi ne kawai. Daren ƙarshe kam sa'a ta yi aikinta, ƙwallon Johnson da na Longoria duk da ƙyar suka tsallake. Amma ƙungiyar da nasara 8 cikin wasa 24 za ta ishe ta, ta tashi da 6, ba ta da bakin zargin ruwan sama ko kocin Yankees.

Abin da ya biyo baya ya ƙara fito da wannan. Epstein ya koma Chicago Cubs a Oktoba, Papelbon ya tafi Philadelphia. Aka ɗauko Bobby Valentine, wanda ya fara da haramta giya a ɗakin sauya kaya. Ƙungiyar da babu giya ta gama 2012 da nasara 69 da rashin nasara 93, a ƙasan rukuni. A Agustan shekarar aka tattara González da Crawford da Beckett da Nick Punto aka miƙa wa Dodgers, aka sauke nauyin albashin sama da dala miliyan 250. A 2013 Farrell ya dawo a matsayin babban koci, Buchholz ya fara kaka da ƙarfinsa, Lackey ya dawo da gyararriyar gwiwar hannu. Suka ci wasa 97, suka lashe kofin duniya a hannun St. Louis. Lester ne ya ci wasa na 1 da na 5, Lackey ya ci na 6 da aka ɗaga kofi a Fenway Park. Mutum biyu cikin ukun da aka ce su suka rusa ƙungiya.

A 2012 hukumar gasar ta ƙara gurbi na biyu a kowane gida, inda a tsarin wancan lokacin ƙungiyoyi biyun ke karawa a wasa ɗaya, wanda ya faɗi ya tafi. Da wannan doka ta zo da wuri da shekara ɗaya, Boston da nasararta 90 za ta shiga, ta je Florida ta kara da Tampa Bay. Sai dai wa zai buɗe mata wasan? Lester ya jefa ranar 28, Bedard ranar 27, Beckett ranar 26. A makon ƙarshen nan ofishin Epstein ya tuntuɓi New York Mets a kan Chris Capuano, ya kuma nemi Bruce Chen na Kansas City Royals, ɗan shekara 34 da ya zagaya ƙungiyoyi kusan goma, don ya zo ya jefa musu wasa ɗaya tak, duk da cewa doka ba za ta bar shi ya buga wasannin Oktoba ba. Cinikin bai yiwu ba, Chen ya yi jifansa wa Kansas City a daren 28.